Neman Izinin Taro a Filayen Gwamnati a Amurka: Amsoshin Tambayoyinku

A wannan fitowa mun haɗa wasiƙu huɗu da suka zo mana daga masu karatu mazauna Amurka, waɗanda duk suka taru a kan batu guda, wato yadda ake samun izinin shirya taro ko gasa ko biki a filayen da ke hannun gwamnatin tarayyar ƙasar. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce sakatariyar wata ƙungiyar iyalai a jihar Kolorado. Muna so mu fita yini guda zuwa wani dajin gwamnati a lokacin zafi, mu kimanin 120 har da yara. Kowane gida zai ba da gudummawar kuɗin abinci da hayar mota, kuma za mu yi sallah cikin jam'i a can. Wasu daga cikinmu sun ce tunda wurin na kowa ne, ba ma buƙatar tambayar kowa. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kuna buƙatar izini, amma samunsa ba shi da wuya. Kafin komai, ki tabbatar da hukumar da ke kula da ainihin wurin da kuka zaɓa, domin amsar duk sauran tambayoyin ta rataya ne a kan wannan. Gwamnatin tarayyar Amurka tana riƙe da filaye kimanin eka miliyan 640, wato wajen kashi 28 cikin 100 na faɗin ƙasar, kuma ba hukuma ɗaya ce ke kula da su ba. Hukumar Kula da Dazuzzuka, wadda aka kafa a 1905 a ƙarƙashin Ma'aikatar Aikin Gona, tana da kimanin eka miliyan 193. Hukumar Kula da Filaye, wadda aka fi sani da BLM, an kafa ta a 1946, kuma ita ce ta fi kowace yawan fili, da kimanin eka miliyan 245, akasarinsu a jihohin yamma. Sai Hukumar Wuraren Shaƙatawa na Ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da NPS, da aka kafa a 1916, wadda ke kula da wurare irin su Yellowstone da Yosemite. Bayan waɗannan akwai filayen jihohi da na gundumomi da na birane, kowanne da tasa doka. Allon da ke bakin hanyar shiga wurin yakan ɗauki tambarin hukumar, taswirar da ofishin yankin ke bayarwa kuma tana nuna iyakoki.

Idan wurin naku yana ƙarƙashin Hukumar Kula da Dazuzzuka ne, ƙa'idar a fili take: duk taron da ya kai mutum 75 ko fiye, a haɗa masu gudanarwa da 'yan kallo, sai da takardar izini, ko da ba na neman kuɗi ba ne. Ku lissafa kowa, har da yaran. Wannan nau'in izini kyauta ne, ba a neman inshora ko kuɗin ajiya a kansa, sai dai dole a sami mutum ɗaya mai shekara 21 ko fiye da zai sa hannu a madadin jama'ar. Doka ta ce a miƙa takardar neman aƙalla awa 72 kafin taron, kuma idan hukumar ba ta ƙi ba cikin awa 48 da karɓarta, ana ɗauka an amince. Duk da haka ba na ba ki shawarar ki dogara da wannan ɗan tsukun lokaci. Ki je ofishin gundumar dajin wata ɗaya ko biyu kafin ranar, domin a nan ne za ki ji ko wata ƙungiya ta riga ku neman wurin, ko hanyar tana rufe saboda gyara, ko wurin ajiye motoci ba zai ɗauke ku ba. Ki kuma sani cewa rumfunan cin abinci da aka gina domin manyan ƙungiyoyi galibi kama su ake yi da kuɗi ta shafin Recreation.gov, kuma na lokacin zafi sukan ƙare tun watanni kafin lokacin.

Batun gudummawar da kuke tarawa shi ne inda nake so ki yi taka-tsantsan. A wajen wannan hukuma, taro yana zama na kasuwanci idan aka sa kuɗin shiga ko na halarta, ko kuma idan babbar manufarsa sayar da wani abu ce, kuma ba a duba ko an ci riba ko ba a ci ba. Saboda haka ki rubuta bayanin yadda abin yake dalla-dalla: kuɗin na abinci ne da mota, iyalan ne suka haɗa a tsakaninsu, babu abin da zai shiga aljihun kowa, kuma ba za a hana wani halarta don bai biya ba. Jami'in da ya karanta wannan tun farko zai san a wane rukuni zai sa ku. Wanda kuwa ya zo ranar taron ya tarar ana karɓar kuɗi a bakin wurin ba tare da an gaya masa ba, yana da hujjar ya ɗauki abin a matsayin ɓoye gaskiya.

Game da sallah, hankalinki ya kwanta. Gyara na farko na kundin tsarin mulkin Amurka ya kare 'yancin addini da na magana da na taruwa, kuma ba a yarda jami'i ya ƙi ba da izini saboda abin da za a faɗa ko addinin da za a yi ba. Abin da yake da ikon dubawa shi ne lokaci da wuri da yadda za a gudanar. A wuraren NPS ma, inda dokoki suka fi tsauri, ibada a fili tana cikin rukunin tarukan bayyana ra'ayi, kuma ƙungiyar da ba ta wuce mutum 25 ba tana iya yin irin wannan taro a wuraren da aka keɓe ba tare da izini ba, muddin ba ta kafa dandamali ko wani gini ba. Wannan sassauci ya biyo bayan hukuncin da kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke birnin Washinton ta yanke a 2010, a ƙarar wani mutum da aka hana raba ƙasidun addini a Dutsen Rushmore, wani wurin tarihi da ke ƙarƙashin NPS.

Abu na ƙarshe shi ne wuta. A lokacin zafi dazuzzukan yamma sukan shiga matakan hana kunna wuta, kuma idan matakin ya tsananta har gawayi ana hanawa, sai murhun gas mai makunni kawai ake bari. Takardar izininku ba ta ɗage wannan hani. A Satumban 2020, wata na'urar fitar da hayaƙi mai launi da aka kunna a wani ƙaramin bikin iyali a Kalifoniya ta haddasa gobarar El Dorado, wadda ta cinye sama da eka dubu 22, kuma wani ma'aikacin kashe gobara ya rasa ransa a cikinta. Ki kira ofishin ana gobe taron ki tambayi matakin da ake ciki.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a jihar Yuta. Ni da abokaina muna so mu shirya tseren keke a hamada, a filin BLM, domin tara kuɗin tallafa wa ɗalibai mabuƙata. Za mu sa kuɗin rajista kaɗan, mu ba waɗanda suka yi nasara kyauta. Tunda aikin alheri ne, shin za a sauƙaƙa mana?

Amsa: Allah Ya saka muku da alheri, ɗan'uwa, niyyarku kyakkyawa ce. Sai dai kyawun niyya ba ya sauya rukunin da taronku ya faɗa, kuma a gaskiya ya faɗa rukuni biyu masu nauyi a lokaci guda. Na farko gasa ce, domin a ƙa'idar BLM, da zarar mutum biyu ko fiye sun fafata, kuma aka yi musu rajista ko aka shata musu hanyar da za su bi, to an shiga hukuncin gasa. Na biyu kasuwanci ne, domin kuɗin da za ku karɓa ya wuce raba ainihin ɗawainiyar tafiyar a tsakaninku. Hukumar ta bayyana cewa kasancewar ƙungiya ba ta neman riba bai isa ya fitar da taronta daga wannan hukunci ba, haka nan biyan kuɗin talla domin jawo mahalarta alama ce ta kasuwanci. Kuna buƙatar abin da suke kira izinin shaƙatawa na musamman.

Ƙa'idar da aka daɗe ana aiki da ita ita ce a miƙa takardar neman kwana 180 kafin ranar taron, ko da yake wasu ofisoshin sukan karɓa a ƙasa da haka idan abin ƙarami ne. Tare da fom ɗin za a nemi tsarin gudanarwa, kuma nan ne aikin yake. Za ku zana hanyar tseren a taswira, ku nuna inda za a tashi da inda za a ƙare, inda motoci za su tsaya, inda 'yan kallo za su tsaya da tazarar da ke tsakaninsu da hanya, wuraren ba da ruwa, yawan makewayin da za ku kawo, da yadda za a fitar da wanda ya ji rauni daga wurin da wayar hannu ba ta kamawa. Za a nemi inshorar da ta ambaci gwamnatin Amurka cikin waɗanda ta kare. Akwai kuɗin izini, wanda a harkokin kasuwanci aka saba lissafawa da kashi 3 cikin 100 na abin da aka tara, kuma idan nazarin takardarku ya ci wa ma'aikata fiye da awa 50, za a ɗora muku kuɗin aikin nasu. Bayan taron kuma za ku miƙa rahoton yawan mahalarta da kuɗin da ya shigo.

Wata shida yana iya zama kamar ya yi yawa a kan tseren yini guda, amma akwai abin da ake yi da lokacin. Dokar kare muhalli ta ƙasa da ta fara aiki a 1970 ta wajabta wa hukumomin tarayya su auna tasirin abin da suke ba da izininsa. Dokar adana kayan tarihi ta 1966 ta sa dole a duba ko hanyar za ta ratsa ta kan kufai ko zane-zanen duwatsu na 'yan asalin ƙasar, waɗanda jiharku ta Yuta ke cike da su, kuma wani lokaci sai an tuntuɓi ƙabilun da abin ya shafa. Dokar kare halittun da ke fuskantar ƙarewa ta 1973 ita ma tana da nata hukuncin. Ko ƙasar hamadar kanta ba matacciya ba ce kamar yadda ido ke gani: a samanta akwai wani ɓawo baƙi-baƙi mai kaushi da ƙananan halittu suka gina, wanda ke riƙe ƙasa da danshi, kuma idan tayar keke ta murƙushe shi, yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya farfaɗo, iska kuwa tana ta kwashe ƙasar a tsawon wannan lokaci.

Waɗannan sharuɗɗa suna da tarihi. Tseren babura daga Barstow zuwa Las Vegas, wanda ya ratsa hamadar Mojave, ya kai mahaya kimanin 3,000 a 1974, kuma ɓarnar da aka gani ta sa aka dakatar da shi na wasu shekaru. An dawo da shi a 1983, sannan aka daina ba da izininsa bayan 1989, lokacin da kunkurun hamada ya shiga jerin halittun da doka ta kare. A Agustan 2010 kuma, a wani tseren motoci a Johnson Valley da ke Kalifoniya, wata mota ta ƙwace ta afka cikin 'yan kallo da suka matso dab da hanya, mutum takwas suka mutu. Tun daga lokacin aka ƙara tsananta duba tsarin tsaron 'yan kallo. Idan jami'i ya tsare ka da tambaya a kan inda mutane za su tsaya, irin wannan rana yake tunawa.

Shawarata ita ce ku zaɓi hanyar da aka riga aka keɓe wa kekuna, wadda wataƙila an taɓa yin gasa a kanta, domin an riga an yi mata mafi yawan nazarin. Ku kuma bi taswira da idon basira. A yammacin Amurka filaye sun sarƙe da juna tun ƙarni na 19, lokacin da aka riƙa ba kamfanonin jirgin ƙasa fili ana tsallake fili, don haka hanya guda tana iya bi ta filin BLM, ta shiga na jiha, ta ɓulla ta gonar wani makiyayi cikin 'yan mil kaɗan, kuma kowanne da nasa izinin. Ƙasar ƙabilar Navajo ba filin jama'a ba ce, hukumomin ƙabilar ake tambaya. Yankunan da aka ayyana a ƙarƙashin dokar daji marar taɓawa ta 1964, waɗanda yanzu suka haura eka miliyan 110, ba a shiga cikinsu da mota ko keke, ba a kuma yin gasa. Ku yi lissafi tun yanzu, tun ran gini tun ran zane: idan kuɗin inshora da izini da motar ɗaukar marasa lafiya za su cinye abin da za ku tara, gara ku mayar da tseren filin jami'a ko wurin shaƙatawa na birni a wannan shekara, ku nemi na hamadar a badi.

Tambaya: Ɗiyata za ta yi aure, kuma tana so a ɗauki hotunan biki a wani wurin shaƙatawa na ƙasa, mu kimanin 20, da mai ɗaukar hoto da ƙaramin jirgi marar matuƙi. Akwai matsala?

Amsa: Allah Ya sanya alheri, Alhaji. A wuraren NPS bikin aure yakan buƙaci izini na musamman ko da mutanen kaɗan ne, akwai kuɗin neman izinin da ba a mayarwa, kuma kowane wuri ya ƙayyade inda ake yi da yawan mutanen da zai ɗauka. Yawanci ba a yarda da watsa shinkafa ko furanni ko sakin balan-balan ba. Jirgin kuwa ku bar shi a gida, domin tun 2014 aka hana tashinsa a wuraren wannan hukuma. Dokar EXPLORE da aka sa wa hannu a Janairun 2025 ta sassauta sharuɗɗan ɗaukar hoto da bidiyo ga ƙananan ƙungiyoyin da ba su wuce mutum takwas ba, amma ku kun haura wannan adadi, don haka ku ambaci mai ɗaukar hoton da kayan aikinsa a cikin takardar neman izinin bikin.

Tambaya: Malam, ni abin ne bai kwanta mini ba. Da harajinmu ake kula da waɗannan filaye, ana kuma ce mana namu ne. Me ya sa sai na roƙi wani ma'aikaci kafin in tara mutane a abin da yake nawa? Idan ma na ƙi, me zai faru?

Amsa: Ƙorafinka yana da tushe, Malam, kuma ba kai ka fara shi ba. Wata ƙungiya da ake kira Rainbow Family tana taruwa a dazuzzukan ƙasa a farkon kowane Yuli tun 1972, dubban mutane, kuma sun daɗe suna ƙin sa hannu a takardar izini, bisa hujjar cewa ba su da shugaba da zai wakilce su, kuma 'yancin taruwa ba ya buƙatar amincewar kowa. Kotunan tarayya sun saurari wannan hujja fiye da sau ɗaya, suka kuma tabbatar da ƙa'idar, saboda ba ta duba abin da masu taron za su faɗa. Na yarda da kai cewa tsarin yana da nauyi a kan ƙananan ƙungiyoyi, musamman idan tafiya ɗaya ta ratsa filayen hukumomi biyu aka nemi takarda biyu, kuma Majalisar Dokokin ƙasar kanta ta amince da haka, shi ya sa dokar 2025 da na ambata ta ƙunshi sassan rage wannan wahala.

Inda na saɓa da kai shi ne a kan ma'anar mallakar. Filin naka ne kamar yadda yake na makiyayin da ke da takardar kiwo a wurin, da mafarauci, da iyalin da suka yi tafiyar awa biyar domin su kwana inda babu hayaniya, da ƙabilar da kakanninta ke kwance a ƙarƙashinsa. Kai kaɗai ko da iyalinka kana iya shiga mafi yawan filayen BLM da dazuzzukan ƙasa, ka kafa tanti, galibi har kwana 14, ba tare da ka tambayi kowa ba. Ana fara neman izini ne a lokacin da amfaninka ya yi girman da zai tauye na wasu, ko ya bar tabo a ƙasa, ko ya jefa mutane cikin haɗarin da ma'aikatan ceto ne za su fito dominsa. Girman taro kaɗai ba ya hana izini. Bikin Burning Man, wanda ake yi a hamadar Black Rock ta jihar Nebada tun 1990, yakan tara mutane dubu saba'in zuwa tamanin a filin BLM, masu shirya shi suna biyan miliyoyin daloli na ɗawainiyar hukumar, kuma bayan an watse jami'ai sukan zaɓi wurare daban-daban su tsince duk abin da aka bari, har ƙusa da ɓarɓashin katako, su auna. Sharaɗin shi ne kada tarkacen ya wuce murabba'in ƙafa ɗaya a kowace eka, kuma sakamakon wannan awo yana tasiri a kan izinin shekara mai zuwa.

Idan ka yi taro ba da izini ba, jami'i yana da ikon tarwatsa shi nan take, ya kuma rubuta maka sammaci zuwa kotun tarayya. A dazuzzukan ƙasa da wuraren NPS hukuncin yana iya kaiwa tarar dala 5,000 ko ɗaurin wata shida, ban da biyan kuɗin gyaran abin da aka lalata. Wanda ba ɗan ƙasa ba ne, wanda ke zaune da bizar karatu ko ta aiki, ya kamata ya ƙara yin nesa da duk abin da zai sa sunansa ya shiga kundin kotu. Idan kuwa ka nema aka hana ka, ka buƙaci a ba ka dalilin a rubuce. Sau da yawa dalilin yakan kasance ranar ce ta ci karo da wani taron, ko wurin ne ba zai ɗauki adadin ba, kuma a irin wannan hali ƙa'idar Hukumar Kula da Dazuzzuka ta wajabta wa jami'in ya ba ka zaɓin wani wuri ko wani lokaci idan akwai wanda ya dace. Shawarar BLM kuma ana iya ɗaukaka ƙara a kanta zuwa kwamitin sauraron ƙararrakin filaye na Ma'aikatar Cikin Gida, cikin kwana 30 da samun takardar.